A Sa Ido Kan Jirage Marasa Matuƙa a Filayen Wasa

Ya Edita,

Ka ba ni fili in yi magana kan ƙananan jirage marasa matuƙa da masu ɗaukar hoto ke saki a filayen wasanninmu na Kaduna. A wani wasan ƙwallon unguwa na ga ɗaya yana shawagi dab da kawunan 'yan kallo, yara na binsa da gudu. In batirinsa ya ƙare fa? Farfelarsa na iya tsaga fuska. A wasan folo kuwa, ƙararsa kaɗai ta isa ta firgita doki.

Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, wato NCAA, ta haramta tashinsu sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Don Allah masu shirya wasanni su riƙa neman ganin takardar, su kuma hana shawagi a kan jama'a.

Mai son wasanni,
Tudun Wada, Kaduna