Giyar lantarki a keken tsere ba ƙawa ba ce ga mai raunin hannu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in tofa albarkacin bakina kan muhawarar da masu hawan keken tsere ke yi game da giyar lantarki, wadda wasu ke kira almubazzaranci tunda giyar waya ta daɗe tana aiki.

A giyar waya, ƙarfin yatsun mahayi ne ke jan waya har sarƙa ta hau wani haƙorin, kuma idan ƙurar hunturu ta shiga wayar sai ta ƙara tauri. A ta lantarki kuwa maɓalli ake dannawa, ƙaramin inji mai batir ya ture sarƙar. Kamfanin Shimano na Japan ya fito da tasa giyar lantarkin mai suna Di2 a 2009, SRAM na Amurka ya biyo da tasa mai suna eTap, wadda ba ta buƙatar ko wayar lantarki, a 2015.

Masu suka galibi lafiyayyu ne, shi ya sa suke auna abin da gudu kaɗai. Amma mai ciwon gaɓɓai a yatsu, da wanda ya yi fama da shanyewar ɓarin jiki, da wanda hatsarin babur ya raba da hannu ɗaya, su ba gudu suke nema ba. Ana iya mayar musu da maɓallan gefe guda, a kuma saita na'urar ta riƙa sauya giyar gaba da kanta, ta yadda hannu ɗaya zai wadatar.

Ƙorafin tsada gaskiya ne. Mai gyaran keke a Sabon Garin Zariya zai sauya waya da kuɗi kaɗan, amma ba ya ajiye kayan gyaran wannan na'ura, kuma da dala ake shigo da su. Batun wuta bai dame ni sosai ba, domin caji ɗaya yakan kai kimanin kilomita 1,000.

An tabbatar Najeriya ta rabu da cutar shan inna ta asali a 2020, amma waɗanda ta nakasa suna nan a Zariya suna murza kekunan hannu, da yawa ba giya, komai tudun hanya. Ina kira ga sassan injiniya na Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Nuhu Bamalli su ba ɗalibai aikin ƙera samfuri mai rahusa wanda zai dace da waɗannan kekuna, kuma masu gyaranmu su iya gyara shi.

Wassalam.

Naka,
Mai karatu daga Tudun Wada, Zariya