Gas ɗin girki: a duba roba kafin a kyasta ashana

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a kan gas ɗin girki. Tun da matatar mai ta SORAZ a Zinder ta fara aiki a 2011, tukunyar gas ta shiga gidajen Maradi da yawa, daga unguwar Zariya har unguwar Ali Ɗan Sofo. Alheri ne, don ta rage sare itace, ta raba mata da hayaƙi. Damuwarmu ita ce mutum ya sayi tukunya ya ɗaura a kabu-kabu ya kai gida, ba wanda ya nuna masa inda haɗarinta yake.

Gas ɗin nan butan ne, kuma ya ninka iska nauyi kusan sau biyu. In ya tsiyaya, ƙasa yake kwanciya, ya shige ƙarƙashin gado, ya taru a lungu, daidai inda uwargida take zaune a kujerar tsuguno, yara suna kan tabarma. Kashi 2 cikin 100 na iskar ɗaki in ya zama gas, tartsatsi ɗaya ya isa. Warin da ake ji ma zuba masa aka yi da gangan domin a farga, saboda haka duk wanda ya ji shi kada ya ce bari a ga.

Da wuya ƙarfen tukunya ya ba da matsala. Roba ce ke cin amana. A bakin tukunya akwai ɗan zoben roba da ke toshe tsakaninta da kan murhu ko detandar, wato na'urar da ke rage ƙarfin gas. Zafin Afrilu da Mayu, da ke wuce digiri 40, da bushewar hunturu suna sa zoben ya ƙandare ya tsage. A duk canjin tukunya a leƙa a ga yana nan, bai fashe ba. Haka tiyo: a sayi na gas, wanda aka buga wa shekarar daina aiki a jiki, a ɗaure bakinsa biyu da ƙarfen ɗauri mai sukurori. Tiyon ruwa da tsumman tayar keke ba su da wuri a nan. A lanƙwasa shi kaɗan, in an ga tsaga ko cizon ɓera, a canza.

Gwaji da ruwan sabulu ake yi. A kaɗa kumfa, a shafa a bakin tukunya da duk mahaɗa, a buɗe gas. Inda kumfa ta kumbura, nan yake fita. Masu gwadawa da ashana, don Allah su bari.

Tukunya a tsaye take zama, a inuwa, inda iska ke ratsawa, nesa da murhun gawayi. Ba a kwantar da ita ko a ɗumama ta don a tatsi ragowar gas. Ba a cika ta taf, ana barin kusan kashi 15 zuwa 20 cikin 100 saboda ruwan gas yana kumbura da zafi, shi ya sa juye gas daga babbar tukunya zuwa ƙarama a bayan shago ganganci ne. 'Yar kilo 6 mai murhu a kai kuwa, kada a ɗora mata tukunyar tuwon biki, kifewa za ta yi. Wuta shuɗiya ita ce lafiyayya. In ta koma ja tana baƙanta tukunyar girki, ramukan murhu sun toshe, kuma tana fitar da iska mai guba marar wari, wadda ke kisa a rufaffen ɗaki lokacin sanyi.

In an ji wari, a rufe kan tukunya, a buɗe ƙofa da taga, kowa ya fita. Kada a taɓa makunnin lantarki, ko kunnawa ko kashewa, kada a kunna fanka. Sai an fita waje a kira 'yan kwana-kwana a lamba 18. Wanda ya ƙone a zuba wa wurin ruwa mai sanyi na minti 20, ban da man goge baki, ban da ƙwai, sannan a kai shi asibiti.

Ranka ya daɗe, muna roƙon a riƙa maimaita wannan bayani a shirin mata, kuma masu sayar da gas su riƙa yin gwajin kumfa a gaban mai saye kafin ya ɗauki tukunya.

Wassalam.

Wasu masu gyaran murhun gas,
Maradi