Kemistiri ta tare masa hanya, mahaifinsa ya ce kasuwa

Assalamu alaikum Hajiya, barka da aiki, Allah ya ƙara basira.

Ina koyar da darasin yamma ga 'yan ajin ƙarshe na sakandare a Agege, kuma shawararki nake nema a kan wani ɗalibina ɗan shekara 17. Burinsa ya karanta haɗa magunguna a Jami'ar Legas da ke Akoka. Da WAEC ta fito a watan Agusta, ya samu kiredit a Turanci da Lissafi da Fizik da Bayoloji, sai Kemistiri ta zo masa da D7. A JAMB kuma makinsa 186 cikin 400.

Kiredit daga A1 yake farawa, a C6 yake tsayawa, don haka D7 ba ta shiga lissafi. Ita kuwa Jami'ar Legas kiredit biyar take so a zama ɗaya, wato a jarrabawa guda, da maki 200 a JAMB kafin ma a saurari yaro. Bana dai wannan ƙofar ta rufu, kuma makin JAMB ba ya ajiyuwa zuwa baɗi.

Gyaran a bayyane yake. Akwai WAEC ta masu zaman kansu, wadda muke kira GCE, da NECO ta waje, duk a ƙarshen shekara, sai wata GCE ɗin a farkon sabuwa. Nan ne iyaye da dama ke tuntuɓe: sai su ce yaro ya mai da hankali kan darasin da ya faɗi kaɗai, ya haɗa da tsohon sakamako. Jami'o'i da yawa na karɓar zama biyu, amma muddin Akoka ce a ransa, dole biyar ɗin nan su fito tare a takarda guda. Kemistirin ma na san inda ta kayar da shi. Makarantarsu ba ta da ɗakin gwaji na kirki, bai taɓa riƙe kayan awon asid da hannunsa ba sai gab da jarrabawa. A GCE kuwa a rubuce ake amsa wannan ɓangaren na gwaji, wata biyu na bin tsoffin tambayoyi da lissafin awo zai wadatar. JUPEB da IJMB, shirye-shiryen share fagen shiga jami'a, na kai yaro aji biyu na jami'a kai tsaye, sai dai su ma ba su yafe kiredit biyar ɗin ba, ga tsada. Wurin rajista a tabbata suna da ranar haihuwa sun dace da na NIN, lambar shaidar ɗan ƙasa, harafi ɗaya kan jawo zirga-zirgar watanni. Masu cewa a kai shi santar da ake ba da amsa kuwa, na ce a'a, can ne ake riƙe sakamako ko a soke shi ɗungurungum.

Hajiya, ba nan gizo ke saƙar ba. Mahaifinsa dillalin albasa ne a kasuwar Mile 12, kuma a gaban ƙannensa ya ce masa kuɗin rajista sun tafi a banza, daga yanzu da asuba su riƙa fita kasuwa tare. Ban ga laifin Alhajin gaba ɗaya ba, da guminsa ya biya, kasuwar ma ba abin rainawa ba ce. Amma tun ranar yaron ya daina cin abinci da 'yan uwansa, ya bar ƙwallo, ya fice daga zauren WhatsApp na 'yan ajinsu. Ko me aka tambaye shi, amsarsa ɗaya ce: "Duk yadda aka yi daidai ne." Mahaifiyarsa na tsakiya, ba ta son saɓa wa maigida.

Rajista ba ta jiran kowa, shi ya sa na ƙagu. Yaya zan tunkari Alhaji ba tare da ya ga ina shiga hurumin gidansa ba? Na yi tunanin roƙonsa a raba rana, kasuwa har azahar, karatu daga la'asar zuwa isha, na wata uku kacal. In je ni kaɗai, ko in nemi limamin unguwa ya raka ni? Shi kuma yaron, in fara ajiye masa jadawalin karatu yanzu, ko in bari sai ya soma magana da bakinsa? Kuma wannan shirun nasa, a wane mataki ne ya kamata a ce ya wuce ɓacin rai, a kai shi ga likita?

Na gode, Allah ya saka da alheri.

Malamin darasin yamma, Agege, Legas