Kafso ja da rawaya ba maganin mikin sauyin gaɓa ba ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in ja hankalin jama'armu a kan wata ɗabi'a da ke damuna, wato ɗirka wa wanda aka yi wa tiyatar sauya ƙugu ko gwiwa tetrasaiklin, kafson nan ja da rawaya, ba da sanin likita ba. Waɗanda ake yi wa irin wannan tiyata suna ƙaruwa a cikinmu, daga tsofaffin da gwiwa ta cinye har zuwa matasa masu sikila waɗanda kan ƙashin cinyarsu ya mutu saboda rashin isar jini, kuma wasu sai sun sayar da gona ko dabba kafin su haɗa kuɗin aikin.

Abin da likitocin ƙashi suka fi tsoro shi ne ƙwayar cuta ta zauna a jikin ƙarfen da aka sa a madadin gaɓar. Hakan kan faru ga mutum 1 zuwa 2 cikin 100, amma in ya faru akwai wahala, domin ƙwayoyin sukan shimfiɗa wani yauƙi a kan ƙarfen, kamar gansakuka a jikin randa, su ɓuya a ƙarƙashinsa inda magani ba ya isa da kyau. Shi ya sa ake yi wa mara lafiya allurar sefazolin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, ta jijiya cikin sa'a guda kafin a yanka, a tsayar da ita cikin sa'o'i 24. Tetrasaiklin ba shi ne na wannan aikin ba, don hana ƙwayoyin hayayyafa yake yi, ba kashe su kai tsaye ba.

Ba wai dangin maganin ba su da gurbi ba ne. Likita kan rubuta doksisaiklin ko minosaiklin bayan an wanke gaɓar da ta kamu, wani lokaci tare da rifamfisin, ko kuma a ɗora tsohon da jikinsa ba zai ɗauki tiyata ta biyu ba a kansu na tsawon lokaci domin a danne cutar. Amma sai ɗakin gwaji ya nuna irin ƙwayar da maganin da take ji.

Nan ne ɓarnar take. Ɗinki ya fara tsattsafo da ruwa, sai a aiki yaro kemis, a fasa kafso a barbaɗa garin a kan mikin, a haɗiyi saura da kunu ko fura da nono, alhali nono yana hana maganin shiga jini yadda ya kamata. Zafin jiki ya lafa kwana biyu, iyali su ce an samu sauƙi. Ranar da aka koma asibiti aka zuƙi ruwan gaɓar, gwaji yakan kasa nuna ƙwayar saboda kafson da aka sha, har likita ya nemi a dakatar da magani mako biyu kafin a sake ɗiba, cutar kuwa tana ci. Ƙarshenta sau da yawa sai an ciro ƙarfen gaba ɗaya.

Ina kira ga Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe da na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi su riƙa sallamar masu wannan aiki da takarda cikin Hausa, mai bayanin alamun haɗari, wato kumburi, ja, zazzaɓi da fitar mugunya, tare da lambar da za a kira ko da tsakar dare ne. Masu kemis kuma, don Allah duk wanda ya zo da ɗinki a ƙugu ko gwiwa ku mayar da shi wurin likitan da ya yi masa aikin.

Wassalam.

Wani ma'aikacin jinya,
Gombe.