Wasiƙar godiya ga ofishin kula da ciyar da ɗalibai

Zuwa ga Shugaba da ɗaukacin ma'aikata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, mu shugabannin makarantu da masu riƙe da sito da masu dafuwa, tare da masu kula da cibiyoyin da yara ke zama bayan an tashi daga makaranta, mun ga ya dace mu gode muku a bainar jama'a. Yabon gwani ya zama dole. Abin da mutane ke gani shi ne yaro riƙe da kwanonsa a layi. Takarda da sikeli da ma'aunin zafi da suka sa kwanon ya cika, ba kowa ya san da su ba, kuma a nan ne kuka yi fice.

Godiyarmu ta farko a kan biyan kuɗi ne a ranar da kuka yanke. Wanda bai taɓa riƙe kicin ba zai ɗauka jinkirin mako biyu ko uku ƙaramin abu ne. Da zarar kuɗi ya makara, mai dafuwa sai ta koma cin bashi, mai kawo kaya kuma ya ƙara farashi ko ya turo na baya-baya. Abin da ke fara ɓacewa daga tukunya shi ne mai tsada: ƙwai da madara da kayan lambu. Daga nan ludayi ya fara raguwa. Yaro zai ƙoshi, amma abin da zai gina masa jiki ya tafi, kuma babu littafin da zai nuna hakan. Kun kuma daina riƙe takardar neman biya gaba ɗaya saboda kuskure a layi guda. Yanzu kuna biyan abin da ya tabbata, ku kira makaranta ta gyara sauran. Wannan kaɗai ya hana tukwane da yawa yin sanyi.

Sai ƙidaya. Kowace makaranta tana da adadi uku da ba sa zama ɗaya: yaran da ke cikin rajista, waɗanda suka zo yau, da waɗanda suka karɓi abinci. Kun nace a riƙa sa alama a daidai lokacin da yaro ya karɓi kwanonsa, ba a zauna da yamma a kwafo daga rajistar safe ba. Da farko wasu sun ga kamar ƙarin wahala ne, amma da wannan adadin ne ake gane gaskiyar sito. A shirin abincin rana na Indiya, ma'aunin ɗan firamare shi ne giram 100 na ɗanyen hatsi, a abincin da ya kai kalori 450 da giram 12 na furotin. A irin wannan ma'auni, buhu mai kilo 50 na yara 500 ne. In buhu ya ƙare alhali alamomi 400 ne a takarda, to ko dai ana zuba fiye da ƙima, ko kuma wani abu na fita ta bayan gida. In kuma ya kai yara 600, an tauye wa kowa rabonsa. Shi ya sa muka ji daɗin sikelin da kuka raba da ludayi mai girma ɗaya ga kowane kicin, da umarnin a auna hatsi tun yana ɗanye, domin dafaffe yana shan ruwa, nauyinsa ba ya nuna komai.

Inda muka fi jinjina muku shi ne tsaron lafiyar abinci. A watan Yulin 2013, yara 23 sun rasu a wata makarantar firamare a jihar Bihar ta Indiya bayan sun ci abincin rana da maganin kashe ƙwari ya gurɓata. Duk mai wannan aiki ya kamata ya riƙa tuna wannan rana. Don haka dokarku ta hana zuba mai ko hatsi a jarka ko buhun da aka taɓa sa wani sinadari, da hana ajiye maganin ƙwari da na wanke-wanke a sito ɗaya da abinci, doka ce da ba ma son a sassauta ta ko kaɗan. Haka nan ɗora buhuna a kan katako, kimanin santimita 15 daga ƙasa kuma nesa da bango, don kada danshi ya kama su, a kuma iya ganin sawun ɓera. Kowane buhu a rubuta masa ranar shigowarsa, wanda ya riga shiga shi zai riga fita.

Ma'aunin zafin da kuka ba kowane kicin ya sa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta zama abin aiki: a dafa har tsakiyar abinci ya kai digiri 70, a riƙe mai zafi sama da 60, mai sanyi ƙasa da 5, kuma kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye haka kawai. A tsakiyar tukunya ake soka ma'aunin, ba a gefe ba, a rubuta adadin da lokacin.

Wannan ƙa'ida ta fi tsanani a cibiyoyin bayan makaranta, kuma kun fahimci haka. Abin da ya fi sauƙi shi ne a dafa sau ɗaya da safe, a ajiye ragowar a kula har yamma. Kula tana rage saurin hucewa ne kawai, ba ta hana shi. Shinkafa ce ta fi haɗari, don akwai ƙwayar cutar da ke tsira daga dafuwa, ta hayayyafa yayin da abincin ke hucewa, ta bar dafin da ɗumame ba ya kashewa. Kun ba cibiyoyi zaɓi biyu: ko a yi girki na biyu kusa da lokacin ci, ko a ba da abin da ba ya buƙatar zafi, kamar 'ya'yan itace da madarar da ke cikin firji. Kun kuma ware musu takardar ƙidaya tasu, tun da yawan yaran yamma yana hawa yana sauka, kuma bai kamata a nemi kuɗin kwano ɗaya sau biyu ba.

Mun kuma yaba da tsarin ɗanɗanawa da ajiye samfuri. A Japan, wani babba a makaranta yana cin abincin rabin awa kafin yara, ana kuma daskarar da kimanin giram 50 na kowane abu har mako biyu, domin in yaro ya yi ciwon ciki a san abin da za a gwada. Da kuka kawo irin wannan, kun bayyana wa masu dafuwa cewa kariya ce gare su, ba tuhuma ba, shi ya sa suka karɓa hannu bibbiyu. Jerin sunayen yaran da jikinsu ba ya ɗaukar gyaɗa ko ƙwai ko madara, wanda ake liƙawa inda mai rabo kaɗai ke gani, shi ma ya kwantar wa iyaye hankali.

Masu duba aikinku suna zuwa ba sanarwa, kuma haka ya kamata. Abin da ya bambanta su shi ne, in sun ga kuskure sukan tsaya su nuna yadda ake gyara shi, su sa ranar dawowa, kuma su dawo.

Roƙonmu guda biyu ne. A maimaita horon masu dafuwa kafin kowane sabon zango, saboda ana samun sababbin hannu. A kuma tanadi ma'aunan zafi na canji, don sukan lalace. Wanda aka tsoma a ruwan ƙanƙara bai nuna sifili ba, ya tashi daga aiki.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara muku ƙwarin gwiwa, Ya raya mana yaran nan cikin ƙoshin lafiya.

Naku,
Shugabannin makarantu, masu riƙe da sito, masu dafuwa da masu kula da cibiyoyin bayan makaranta