Wasiƙa zuwa ga 'yata kan aikin dogon hutu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yata,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya kamar yadda muke a nan, saƙonki ya iso, kuma ni da mahaifiyarki mun zauna a kansa. Kin ce zaɓi biyu ne a gabanki a hutun bazarar bana: ko ki tsaya a West Lafayette, garin da jami'arku take, ki yi aiki a ɗakin gwaje-gwaje, ko ki karɓi horon sanin makamar aiki, mai albashi, a ɗaya daga cikin ofisoshin malaman gona na jami'arku ta Purdue. Shawarata ita ce ki ɗauki na biyun ko da kuɗinsa bai kai na farkon ba, domin ɗakin gwaji yana nan yana jiranki duk tsawon karatunki, amma zama da manoma a tsakiyar lokacin noma ba kullum ɗalibi yake samunsa ba.

Tsarin da za ki shiga ya daɗe. A 1862 Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu kan dokar Morrill, wadda ta ba jihohin Amurka filaye don su kafa jami'o'in koyar da noma da sana'o'i, kuma ta wannan hanya aka kafa Purdue a 1869. Dokar Smith-Lever ta 1914 ce ta ɗora wa waɗannan jami'o'i nauyin kai ilimi har bakin gona, inda gwamnatin tarayya da ta jiha da gunduma suke haɗa kuɗin aikin, shi ya sa jami'arku take da ofishi a dukkan gundumomi 92 na jihar Indiyana. Abin da nake so ki sa wa ido shi ne yadda tambaya take tashi daga bakin manomi ta isa wurin mai bincike, amsa kuma ta dawo tun amfanin gona bai lalace ba. Mu ma muna da NAERLS, cibiyar kai ilimin noma ga manoma, a Zariya, kuma tun tsakiyar shekarun 1970 aka fara shirye-shiryen bunƙasa noma a Funtuwa da Gusau da Gombe, sai dai malaman gona sun yi wa yawan manomanmu kaɗan ƙwarai.

Kada manyan taraktoci da gonakin masara da waken soya da ido ba ya ganin ƙarshensu su ɗauke miki hankali, don mai hekta ɗaya ko biyu a nan ba zai amfana da su ba. Abin da zai biyo ki gida shi ne dabarar koyar da babban mutum ba tare da kin raina abin da ya sani ba. Dubi buhun adana wake na PICS da ake sayarwa a kasuwanninmu. Masana daga jami'ar taku ne suka faro bincikensa tare da takwarorinsu na Marwa a arewacin Kamaru a ƙarshen shekarun 1980, kuma hikimarsa ba ta wuce leda biyu masu kauri a cikin buhu ɗaya ba, a ɗaure kowacce tamau, iska ta ƙare wa ƙwarin su mutu ba tare da an zuba magani ba. Duk da sauƙinsa, bai yaɗu ba sai daga 2007, lokacin da malaman gona suka riƙa bin ƙauyuka a Nijeriya da Nijar da maƙwabtansu, suna cika buhu a gaban jama'a, a ɗaure a ajiye, bayan watanni a sake taruwa a kwance shi kowa ya damƙi waken da hannunsa. Gani ya kori ji. Kuma ki tuna cewa a gidaje da yawa mata ne ke ajiyar wake da sarrafa gyaɗa, alhali namiji baƙo iyakarsa zaure. Ke kuwa da sallama kawai za ki kai har tsakar gida.

Na san yawancin aikinki zai kasance da yaran ƙungiyar 4-H, mai koya wa yara noma da kiwo da sauran sana'o'i, musamman a shirye-shiryen baje kolin gunduma da galibi ake yi a watan Yuli, inda yaro yake kawo ɗan maraƙi ko tunkiyar da ya yi kiwo da kansa, tare da littafin lissafin abin da ya kashe. Kada ki ɗauke shi wasan yara, ki ma nemi irin littafin ki taho mana da shi. A wurin akwai sashen aladu, saboda haka tun ranar farko ki shaida wa shugabar aikinki, cikin ladabi, abin da addininki bai yarje miki ba, da lokutan sallarki, maimakon ki bari sai an raba aiki sannan ki fara neman uzuri.

Game da kuɗi, kada ki fara aiki ko na yini guda sai ofishin kula da ɗaliban ƙasashen waje ya tabbatar miki a rubuce cewa bizarki ta amince da shi. Ki tambayi nawa ake biya a awa, nawa za a cire na haraji, wa zai ɗauki nauyin masauki, kuma da wace mota za ki riƙa zuwa gonaki, tunda a karkararsu motar haya ba ta cika samuwa ba. Abin da ya rage ki adana don kuɗin hayar zango mai zuwa. Ba ma buƙatar ki aiko da komai gida.

Mahaifiyarki da ƙannenki suna gaishe ki. Idan an sanar da ke gundumar da aka tura ki, ki kira mu ki faɗa mana. Allah Ya yi miki albarka, Ya tsare ki.

Wassalam,
Mahaifinki