Wa 'Yancin Faɗin Albarkacin Baki Ya Ɗaure wa Hannu?

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ɗan ƙanwata ne ya sa na ɗauki alƙalami. Makon jiya ya faɗo wurina yana huci, ya miƙo min wayarsa tun bai zauna ba. Ashe cire shi aka yi daga zauren WhatsApp na abokan karatunsa, bayan ya kira shugaban zauren ɓarawo. "Kawu, sun tauye min 'yancin faɗin albarkacin baki!" Na ce ya zauna, ya sha ruwa tukuna.

Na daɗe ina koyar da darasin tsarin mulki, kuma babu kuskuren da na fi cin karo da shi kamar wannan. A shari'ance, hukuma ce wannan 'yanci ya ɗaure wa hannu, ita mai 'yan sanda da kotu da kurkuku. Gyaran farko na tsarin mulkin Amurka, na 1791, majalisar dokoki ya kira da suna, ya hana ta yin dokar da za ta rage 'yancin magana. Bai ce dole maƙwabcinka ya saurare ka ba, balle ya bar ka a ɗakinsa kana zaginsa.

Ita ma hukumar an bar mata ƙofa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan haƙƙoƙin jama'a da na siyasa, a sashe na 19, ta yarda a taƙaita magana don kare mutuncin wasu, ko tsaron ƙasa, ko zaman lafiya. Amma da sharaɗi biyu: sai akwai doka a rubuce, kuma sai taƙaitawar ta zama tilas. Sharaɗi na biyun ne masu mulki ke yi wa kunnen ƙashi. Ɗan jarida ya tambayi inda kuɗin asibiti suka shiga, kafin gari ya waye an tsare shi da sunan tsaron ƙasa, alhali kunyar mutum ɗaya ake karewa. A nan ya kamata mu ɗaga murya, amma mun ƙarar da ita wajen rigimar zauren waya.

Yaron ya ce, "To ke nan ba zan kai su ƙara ba?" Na ce ya dai yi addu'a kada shugaban ya riga shi zuwa kotu, don ɓata suna ma shari'a ce, in ba shi da hujja.

Kai ma, Edita, in ka jefa wannan wasiƙa a kwandon shara, ba ka ci haƙƙina ba. Zan dai ji haushi.

Naka,
Wani tsohon malamin makaranta